Ƙwarya, Kaset da Rigar Digiri

Kafin ranar 1 ga Oktoba 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar Gombe daga jikin Bauchi, Gombe gari ne na fatake da dillalan hatsi da ma'aikatan gidan gurzar auduga da na tashar jirgin ƙasa. Duk wata takarda mai nauyi sai an kai ta Bauchi a sa mata hannu. Makarantar da ta fi kowacce girma a garin ita ce kwalejin horon malamai ta tarayya, wadda kowa ke kira FCE, da aka buɗe a 1977. Mai son jami'a kuwa sai ya ɗaure kayansa ya nufi Maiduguri ko Jos ko Bauchi, ko Kano ko Zariya. Ga ɗa namiji tafiya ce kawai. Ga 'ya mace shari'a ce da sai an zauna a zaure, baffanni da kawunnai kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kuma sau tari hukuncin da ake tashi da shi shi ne a ba ta miji. A unguwarmu ta Madaki, 'yan matan da suka tsallake wannan zama a shekarun 1980 ba su da yawa, har kwatance ake yi da gidajensu.

Sai dai kada wani ya ɗauka waɗanda aka bari a gida sun zauna a duhu. Bayan makarantar allo da Islamiyya da firamare, akwai wani wuri da 'yan mata ke ɗaukar darasi, ko da yake babu mai kiransa makaranta: tsakar gida, ranar biki ko suna.

In an yi la'asar, an gama rabon abinci, maza sun koma ƙofar gida, sai a baje tabarmi, a jawo babban masaki ko baho a cika shi da ruwa, a kifa ƙwarya a kai. Sauran ƙorai a kife su a ƙasa. Makaɗa su zauna su miƙe ƙafa, kowace da 'yan sandunanta. Ƙwaryar ruwa ita ke ba da amon nan mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji, na ƙasa kuma su riƙa amsa mata da kaifi. Zabiya ta ɗauko waƙa, 'yan amshi su cafe. A nan za ka ga matar da aka sani da sunkuyar da kai, wadda ko tarinta ba a ji daga zaure, ta ci ɗamara da gyale ta faɗa fili, ƙawaye na rangaɗa guɗa suna manna mata kuɗi a goshi. Mu yara muna raɓe a bakin ɗaki, a kore mu mu dawo. Ba duk abin da ake faɗi a wurin ne ya dace da kunnenmu ba. Akwai habaici ga kishiya, akwai zambo ga miji marowaci, akwai kirarin mai haihuwa. Amma zance ɗaya ne ba ya ɓacewa a kowane biki, wato mace ta tashi ta nemi na kanta, kada ta zauna sai abin da aka miƙo mata.

Wadda ta ɗauki wannan zance ta kai shi lungu da saƙo na ƙasar Hausa ita ce Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa. Akwai manya kafin ta a kiɗan amada, irin su Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, amma zamanin Barmani ya zo daidai da zamanin kaset, kuma ta kaset muka san ta a Gombe. Kaset ɗaya sai ya zaga gida biyar, a sa shi a rediyo mai cin batir ana daka ko ana tsifar kai, in zaren ya sarƙe a sa tsinke ko biro a naɗe shi. Barmani ba ta yi boko ba. An yi mata aure da ƙuruciya kamar tsararrakinta, ta haifi 'ya'ya da yawa, duk da haka ta riƙe ƙungiyar mata makaɗa da 'yan amshi shekara da shekaru, tana ci da su tana ci da gidanta. Masu wa'azi sun yi ta sukar wasu waƙoƙinta, kuma gaskiya akwai waɗanda ba a sa su gaban suruki. To amma waƙarta da ke kiran mata su kama sana'a ta shiga ɗakunan da babu wani jami'in wayar da kai da ya taɓa leƙawa, ta kuma yi magana da muryar da matan ke yarda da ita, domin tasu ce.

Matan Madaki kuwa sun kama. Wannan na tuyar ƙuli-ƙuli tana matsar man gyaɗa, waccan na dakan fura, wata ɗanwake, wata kitso, wata ɗinkin hula, ga 'yan tumaki a bayan ɗaki ana jiran Babbar Salla. Ribar ta tafi zubin adashi. A al'ada kuɗin nan na kayan ɗakin 'ya ne, kwalla da samira da gado da katifa. A hankali wani kaso ya fara karkata zuwa wani wajen.

A gidanmu na ga yadda aka yi. Da Addarmu ta gama sakandare, Inna ba ta iya buɗe baki ta roƙa mata komai ba, domin 'yar fari ce. Ko sunanta ba ta faɗi, balle ta tsaya gaban Baba ta ce a bar ta ta ci gaba. Kara ta hana. Goggo ce, ƙanwar Baba, ta yafa mayafi ta shiga zaure ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Hamma, yarinyar nan kanta na ja. A bar ta ta gwada. In ta ɓaci, ni za a tuhuma." Baba ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce ko ya yarda ba shi da kuɗin fam a yanzu, sai an sayar da amfanin gona. Goggo ta kwance bakin zaninta ta ajiye kuɗi a gefen buzunsa, tsofaffin takardu da suka sha naɗi har sun yi laushi, suna ƙanshin man gyaɗa. Sai bayan shekaru muka san kwasar adashin Inna ce. Ta bi da ita ta hannun Goggo don kada a ce ta nuna son 'yarta. Da za a bi diddigin digirorin matan unguwar nan na farko, da yawansu a bakin kaskon suya za a tarar da tushensu.

Bayan kaset sai littafi. Tun a 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya, amma ambaliyar ta zo ne daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano, 'yan kasuwa na ɗauko su zuwa Gombe tare da atamfa da takalma. Ba kowa ke iya saye ba, don haka aka samu masu bayar da haya. Yarinya ta karɓo na ɗaya, ta kwana tana karantawa da fitilar ƙwai, gari na wayewa ta aika ƙaninta ya mayar ya karɓo na biyu. Matar auren da ba ta iya karatun boko ba sai ta sa 'yar maƙwabta ta karanta mata tana tankaɗe, kuma na san waɗanda haushin jiran mai karatu ya kai su ajin yaƙi da jahilci.

A cikin marubutan, Balaraba Ramat Yakubu ce ta fi taɓa inda ke mana ƙaiƙayi. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ce, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana yarinya ƙarama ba. Daga baya ta koma karatun manya ta kama alƙalami. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 labarin yarinya ne da aka raba da aji aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. 'Yan matan da suka karanta shi a ɓoye, a cikin littafin lissafi don kada a gani, sun san ba tatsuniya ake ba su ba, domin kowace na da ƙawa ko 'yar uwa da aka yi wa haka. Ga kuma Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda taurarin littattafanta kan kasance mata masu ilimi da addini da aikin yi. Iyaye na ganin soyayya kawai a bangon littafi. Abin da ke ciki ya fi haka, domin a nan yarinyar Madaki ta fara ganin mace Bahaushiya Musulma tana zuwa lakca, tana karɓar albashi, kuma ba ta zama abin tsana a ƙarshen labari ba.

Littattafan sun sha duka. Wasu malaman jami'a sun raina su, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. A 2007 har ƙona tarinsu aka yi a bainar jama'a a Kano. Ban ce duka na kirki ne ba, akwai na banza da yawa, masu kwaikwayon finafinan Indiya ido rufe. Amma a 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kwikwiyo na Balaraba da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, kuma yau a jami'o'in ƙetare ana karanta shi.

Sinima ba wurin zuwan 'yar mutunci ba ne a wancan zamani, don haka fim bai iso ga mata sosai ba sai da bidiyo ya shigo ɗaki. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, amma Sangaya na 1999 shi ne ya tashi kan unguwa. Gidan da ke da bidiyo da janareta ya zama dandali, yara a ƙasa, matan aure a kan gado da kujeru, a kalla a mayar baya a sake kallon waƙar. Tauraruwar fim ɗin, Fati Muhammad, ta zama abin kwatance a ɗaurin ɗankwali da tafiya. Mu kuma muna da wani abin alfahari na daban, domin Ali Nuhu da ya fito tare da ita mahaifinsa mutumin Balanga ne, kuma shi kansa ya yi digiri a Jami'ar Jos. Namiji ya haɗa jami'a da fim babu wanda ya ɗaga gira. Matan da ke tsaye kusa da shi a allo ɗaya kuwa, ana son su a talabijin, ana ƙyamar a ce ɗan gida zai auro ɗaya daga cikinsu.

Abin da na lura da shi da na girma shi ne tuhumar da ake yi wa zabiya da 'yar fim ita ce dai ake yi wa 'yar jami'a. An ce idonta ya buɗe. An ce ta saba da fita, ba za ta zaunu a gidan miji ba. Iyayen samari kan yi wa 'ya'yansu kashedi da dukansu a zama ɗaya. Mu da muka yi boko mun fi son a raba mu da su, mu nuna mu masu mutunci ne su kuwa 'yan nanaye, alhali ƙofa ɗaya aka so a rufe mana gaba ɗaya.

Ta ɓangaren boko, akwai matan da sunansu ya zama hujja a bakin masu roƙa wa 'ya'ya izini. Zaynab Alkali, 'yar ƙasar Biu da ke maƙwabtaka da mu, ta yi karatu a Jami'ar Bayero, ta koyar a Jami'ar Maiduguri, kuma littafinta The Stillborn na 1984 ya shiga hannun 'yan sakandare da yawa a Arewa. Hauwa Ibrahim daga Hinna take, a Yamaltu-Deba, nan kusa da Dadin Kowa. Ta yi talla tana yarinya kamar kowace 'yar ƙauye, ta kai kanta Jami'ar Jos ta karanta shari'a, tana cikin lauyoyin da suka tsaya wa Amina Lawal har kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta sallame ta a Satumban 2003. A 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta ba ta lambar Sakharov, daga baya ta yi bincike da koyarwa a Harvard ta Amurka. Ra'ayi ya rabu a kanta a gida, har yanzu ma a rabe yake, amma babu mai musun cewa daga faifan talla ta taso. Hajiya Aishatu Jibril Dukku ta fito daga aikin koyarwa ta zama ƙaramar ministar ilimi a 2007, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan ta wakilci Dukku da Nafada a majalisar wakilai. Amina Mohammed, wadda mahaifinta ɗan Gombe ne, ta riƙe ma'aikatar muhalli daga 2015, kuma tun 2017 ita ce mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Waɗannan ana kiran sunansu a taron yaye ɗalibai, kuma sun cancanta.

Babban canji ya zo a 2004, da gwamnatin Muhammad Danjuma Goje ta kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, aka ɗauko Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama shugabanta na farko. Mutane sun fi tuna shi da itatuwan da ya cika harabar da su. Ni abin da na fi tunawa shi ne yadda hujjar nisa ta mutu a zaurukan Madaki. Uban da ke cewa ba zai tura 'yarsa wata uwa duniya ta kwana a hostal ba, yanzu an ce masa ga jami'a nan cikin gari, za ta hau keke da safe ta dawo kafin magariba, tuwon gida za ta ci. Da yawa sun rasa ta cewa, wasu kuma dama neman hanyar amincewa suke yi ba tare da an ce sun yi sake ba. A 2011 aka ƙara ta tarayya a Kashere. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, hanyar Maiduguri ta zama abin tsoro, Gombe kanta ta sha hare-haren bam a tashoshin mota a 2014, sai samun jami'a a gida ya zama rahama ta biyu, har ga waɗanda suka yi gudun hijira suka zauna tare da mu.

Rayuwar jami'ar da ƙannenmu suka yi ba irin ta Adda ba ce. Ita ta tafi da akwati da risho da garin kunu, sai hutu ake ganinta, wasiƙa ake aika mata ta hannun direba. Su kuwa jeka-ka-dawo suka yi. Yarinya ta share tsakar gida, ta ɗora koko, ta zura hijabi ta fita neman abin hawa don lakcar ƙarfe takwas. Matan aure suka cika aji, wata da ciki, wata da goyo, kaka ko ƙanwa na zaune a inuwa da jaririn ana jiran a fito a ba shi nono. Miji ya sauke matarsa a bakin ƙofa a kan mashin ya wuce kasuwa. Wahalar ba ta ƙare ba, kuɗin rajista da na mota da na kwafin takardu suna nan, ga yajin aikin malaman jami'o'i, wanda na 2022 ya ci wata takwas, kuma kowane dogon yaji akwai 'yan matan da ake aurarwa a cikinsa, wasu su dawo aji wasu shi ke nan. Har yanzu kuma, in ka bincika, kuɗin awara da na ɗinki da na adashin uwa ne ke toshe ramuka.

Jami'a ba ta taɓa rabuwa da makaɗa ba. A Zariya da Kano da Sakkwato ƙungiyoyin Hausa na ɗalibai sun daɗe suna shirya Makon Hausa, a yi wasan kwaikwayo, a naɗa sarki, a gayyato makaɗa, har da masu amada, 'yan mata su ajiye littafi su ci ɗamara kamar iyayensu. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, abin da ya yi daidai, kuma irin wannan riga ta dace da Barmani ma. A 2003 aka yi babban taron masana a Kano a kan finafinan Hausa, aka tattara takardun aka buga littafi. Kundayen digiri da aka rubuta a kan waƙoƙin mata da littattafan Balaraba da matsayin mata a fim ba su ƙirguwa. Mutane sun zama daktoci da farfesoshi da su. Wasu malaman sun yi abin kirki, Abdalla Uba Adamu ya ɗauki waƙoƙin Barmani da na'ura mai kyau tun tana raye, ya yi rubutu a kanta da girmamawa. Amma galibi ɗalibi kan je ne da rikoda, a ba shi tabarma da ruwa, ya kwashi abin da zai kwasa, ya ci jarrabawa, ba a sake jin ɗuriyarsa.

Barmani ta rasu a watan Maris na 2013 bayan jinya. A cikin 'yan fim, Hauwa Ali Dodo, da aka fi sani da Biba Problem, ta rasu a haɗarin mota a farkon 2010. Hauwa Maina ta rasu a 2018, Saratu Giɗaɗo, Daso, a 2024. A 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda muka taso muna kallo da sunan Tambaya, ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta in ta fito a fim, maganar da ta tayar da ƙura a masana'antar, aka yi ta musayar yawu. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwar da ta shafe rayuwarta tana faranta wa gidajenmu rai ta kai wannan shekaru tana zancen wurin zama.

Na yanzu sun fi su sanin ciwon kansu. Rahama Sadau, da ƙungiyar masu shirya fim ta kora a 2016 saboda bidiyon wata waƙa, ta je tsibirin Sayifurus ta yi digiri. Maimuna Abubakar, wadda ta ɗauki sunan garin nan ta zama Momee Gombe, ta yi fice ta bidiyon waƙoƙi kafin finafinai masu dogon zango, kuma 'yan matan jami'a na bin ta a Instagram tsakanin lakca da lakca. Gasar Hikayata da BBC ta buɗe wa mata marubuta a 2016 ta nuna yawan masu alƙalamin da ke zaune a ɗaka, da yawansu jikokin masu karɓar littafin haya. Surutun mutane dai bai ragu ba, waya ma ta ƙara masa kaifi.

Kiɗan ƙwarya kuwa ya ja baya a Madaki. Wa'azi ya rage shi, walima ta maye wani ɓangarensa, sauran kuma masu kiɗan na'ura da ɗakunan taro na haya suka kwashe. Barmani ta yi sa'a zamanin kaset ya riske ta, har muryarta ta hau intanet. Zabiyoyin unguwa, waɗanda suka yi wa iyayenmu kiɗa da Hausa da Fulatanci, wani lokaci a waƙa ɗaya, ba su shiga kaset ba. Kaɗan daga cikinsu da 'yan amshinsu suna raye, sun tsufa, suna zaune a gidajen 'ya'yansu a Madaki da Bolari da Pantami da Herwagana, kuma in aka zauna da su cikin ladabi suna tuna waƙoƙin da bikin da aka yi su da matan da aka yi wa. Daga nan zuwa Tudun Wada kuɗin keke ne. Kowace shekara ɗaliban tarihi da na nazarin zamantakewa na neman abin da za su rubuta kundi a kai, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Su je su ɗauka, su rubuta sunan kowace tsohuwa daidai da izininta, su ajiye kwafi a ɗakin karatu, su kai mata nata, kuma kada su je hannu rabbana.